Tarihin Gano Sinadaran da ke Sarrafa Narkewar Abinci, Yunwa da Ƙoshi

Homon sinadari ne da wani sashe na jiki ke zubawa a cikin jini, jini ya kai shi wani sashen, ya sa shi fara aiki ko dakatawa. Tumbi, hanji, fankiriyas da kitsen jiki duk suna fitar da irin waɗannan sinadarai. Su ne ke tsara lokacin da ruwan narkar da abinci zai zubo, da lokacin da yunwa za ta taso, da lokacin da mutum zai ji ya ƙoshi ya tsame hannunsa. An shafe sama da shekara ɗari ana gano su ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin jijiya

A 1822 aka harbi wani saurayi mai suna Alexis St. Martin da bindiga bisa kuskure a tsibirin Mackinac na Amurka. Ya warke, amma raunin ya bar ƙofa a tumbinsa. Ta wannan ƙofa likitan soja William Beaumont ya riƙa kallon yadda abinci ke narkewa, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1833. Ya lura cewa tsoro da fushi suna sauya zubar ruwan tumbi. Daga baya Ivan Pavlov na ƙasar Rasha ya yi dogon bincike a kan karnuka, ya nuna yadda jijiyoyi ke sa yawu da ruwan tumbi su zubo, har aka ba shi kyautar Nobel a 1904. A wancan lokacin masana sun tafi a kan cewa jijiya kaɗai ce hanyar da umarni ke bi.

Gwajin 1902

A watan Janairun 1902, William Bayliss da Ernest Starling suka yi wani gwaji a Landan. Sun yanke jijiyoyin da ke zuwa wani yanki na ƙaramin hanjin kare, suka bar hanyoyin jini kawai, sannan suka zuba asid a ciki. Sai fankiriyas, wato tsokar nan mai tsawo da ke kwance bayan tumbi, ta fara zubo da ruwanta. Tunda babu jijiya, lallai ta jini saƙon ya bi. Don su tabbatar, suka kankare fatar cikin hanjin, suka niƙa ta da asid, suka tace, suka yi wa karen allurar ruwan a jijiyar jini. Fankiriyas ta sake amsawa. Suka raɗa wa sinadarin suna sikiritin. Aikinsa shi ne sa fankiriyas ta zubo da ruwan da ke kashe kaifin asid ɗin da ya gangaro daga tumbi, don kada ya ƙona hanji. A 1905 Starling ya gabatar da sunan homon ga duk sinadarin da ke irin wannan aiki, kuma daga nan wani sabon reshe na ilimin likitanci ya tsiro.

Gastirin da CCK

A 1905 ɗin dai John Edkins ya ce ƙasan tumbi na fitar da wani sinadari da ke sa a zubo da asid, ya kira shi gastirin. An daɗe ana musa masa, domin wasu na ganin wani sinadarin dabam ne, histamin, ke yin aikin. Sai a 1964 Roderic Gregory da Hilda Tracy a Libaful suka tace gastirin tsantsa daga tumbin aladu, aka san tsarinsa, magana ta ƙare. A 1928 kuwa Andrew Ivy da Eric Oldberg suka gano abin da ke sa maɗaciya ta matse ta zubo da ruwanta idan abinci mai maiƙo ya shiga hanji. A 1943 wasu masana a Ingila suka ba da labarin wani sinadari da ke sa fankiriyas fitar da abubuwan narkar da abinci. Cikin shekarun 1960 Erik Jorpes da Viktor Mutt a Suwidin suka tabbatar cewa biyun abu ɗaya ne, wanda yau ake kira CCK.

Babban cikas a duk wannan zamani shi ne ƙanƙantar adadin waɗannan sinadarai a jini. Rosalyn Yalow da Solomon Berson ne suka samar da hanyar auna su, suka fara da insulin, homon da fankiriyas ke fitarwa don sauke sukarin jini, wajen 1960, kuma Yalow ta sami kyautar Nobel a 1977.

Yunwa da ƙoshi

Tun shekarun 1940 aka ga cewa idan aka lalata wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, sai ya ci ba tsayawa. A 1951 aka ga lalata gefen wurin kuma yana sa ɓera ya ƙi abinci gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne sanin wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa labari. A 1973 James Gibbs da Gerard Smith suka nuna cewa allurar CCK na rage cin ɓeraye.

A 1949 aka haifi wasu ɓeraye masu mugunyar ƙiba a ɗakin bincike na Jackson da ke Amurka. Douglas Coleman ya haɗa hanyar jininsu da ta lafiyayyun ɓeraye, sai cin masu ƙibar ya ragu, ya gane cewa wani abu ne a jini suka rasa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano shi. Kitse ne ke fitar da shi don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da jiki ke da ita, aka sa masa suna leftin. A 1997 likitoci a Kambirij suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leftin, kullum cikin matsananciyar yunwa, kuma allurarsa ta magance matsalar. Sai dai bai zama maganin ƙiba ga kowa ba, domin yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu na da yawa, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta amsa masa yadda ya kamata.

A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa. Yana hauhawa kafin lokacin da mutum ya saba cin abinci, ya sauka bayan ci, shi ya sa ake masa laƙabi da homon yunwa.

Daga hanji zuwa kantin magani

A 1964 aka nuna cewa sukarin da aka sha ya fi wanda aka sa ta jijiya tayar da insulin, alamar cewa hanji na yi wa fankiriyas magana. Cikin shekarun 1980 Svetlana Mojsov, Joel Habener, Daniel Drucker da Jens Holst suka bayyana GLP-1, mai ƙara insulin, mai jinkirta fitar abinci daga tumbi, mai kawo ƙoshi. Matsalarsa ita ce cikin kusan minti biyu yake lalacewa a jini. A 1992 John Eng ya sami makamancinsa mai juriya a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, kuma daga shi aka yi maganin ciwon suga da aka amince da shi a 2005. Ozempic ya biyo baya a 2017, Wegovy na rage ƙiba a 2021. Magunguna ne masu tsada, suna iya kawo tashin zuciya da amai, nauyi kuma kan dawo idan an daina, don haka sai da likita ake amfani da su.

Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage ƙiba, girelin ɗinsu na nan sama, leftin kuma ƙasa. Wannan tarihi ya tabbatar da cewa yunwa da ƙoshi aikin jiki ne mai tsari, kuma mai fama da ƙiba ya fi buƙatar kulawar likita da fahimtar jama'a a kan gori da zargin haɗama.