Iska da Hasashenta a Birnin Kano: Daga Lissafin Taurari zuwa Ma'aunin Zamani

Iskoki biyu ne ke rabon shekara a birnin Kano. Ta farko ita ce ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Ta biyu kuwa daga Tekun Atlantika take, ta kudu maso yamma, kuma ita ce ke kawo laimar damina. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda tambayar da ake yi wa iska ta sauya a tarihin birnin.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, Bakano ya rarrabe iska da sunaye. Akwai buji da hazo da jaura a lokacin ɗari, da guguwa a bazara, sannan ga holoƙo, wanda ake yi wa kirari da hadarin kaka, domin yakan taso da ƙura da ƙugi ya wuce ba ruwa. Magina kuwa sun san cewa hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ne ya fi samun yaɓe da makuba.

Malaman hisabi su ne suka tsara wannan sani bisa lissafi. Sun raba shekara kan manazil, watau taurari 28, kowane da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Kowane yanayi ya sami taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Da wannan ne malami kan gaya wa manomi ko ruwan da ya sauka na shuka ne, ko kuwa ya dakata. Abin lura shi ne, lissafin yana faɗin abin da aka saba gani a wani lokaci na shekara, amma ba ya faɗin abin da zai faru gobe da la'asar.

An fara rubuta awon ruwan sama a Kano a 1905, to amma jirgin sama ne ya tilasta auna iska kanta. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, a 1936 kuma jiragen fasinja suka fara zirga-zirga. Matuƙi ba ya tambayar tauraro. Buƙatarsa ita ce ƙarfin iska da inda ta fuskanta a wannan sa'a.

Haɗura biyu sun nuna nauyin wannan buƙata. Ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin kamfanin BOAC ya tashi cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya, ya faɗi, mutum 32 suka rasu. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka cikin hazo da iska, aka rasa rayuka 176. A yau aikin hasashe yana hannun hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003.

A taƙaice, ma'aunin zamani bai soke lissafin malamai ba, domin tambayoyinsu daban ne: ɗaya lokacin shekara yake faɗa, ɗayan kuwa sa'a. Sai dai sanarwar hasashe ba ta amfanar manomi sai ta zo masa da kalmomin da ya sani. Don haka tattara sunayen iska daga bakin dattawan cikin birni, tun suna raye, aiki ne da ya hau kan masu nazarin harshe.