Sau Nawa Aka Tambayi Mutumin Garo? Tarihin Yanka Ƙasa da Ƙuri'ar Raba-Gardama

A samu dattijo ɗan shekara 70 a garin Garo, a zauna da shi a ƙofar gida bayan La'asar, a ce ya lissafo hukumomin da ya rayu a ƙarƙashinsu. An haife shi a ƙasar En'e ta Kano, cikin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna, zamanin da mai unguwa ke bi gida-gida yana tara haraji. Yana yaro aka ce masa yanzu shi ɗan Jihar Kano ne. Yana saurayi aka kawo ƙaramar hukuma. Daga baya aka ce takardar shaidar 'ya'yansa sai a sakatariyar Kabo. Da furfurarsa, a 2019, ya ji a rediyo cewa sarkinsa yana Ƙaraye. Bayan shekara biyar, rediyon nan dai ya gaya masa ya koma masarautar Kano.

Mutumin nan bai taɓa yin ƙaura ba. Gonarsa tana inda ya gaje ta, rumbunsa yana inda ubansa ya kafa shi. Amma in ka ce ya nuna maka sauyi ɗaya daga cikin waɗannan da aka ajiye akwati aka kira shi ya faɗi ra'ayinsa a kai, zai girgiza kai ya ce babu.

Daga En'e zuwa sakatariya

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12 da dokar soja, Jihar Kano ta fito, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa mulkin ƙasa garambawul, ta ƙarasa rushe tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu fasali iri ɗaya daga Legas har Barno. Jihar Kano ta wancan lokacin, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ta samu 20, kuma Gwarzo na cikinsu. Kabo ta samu tata ne daga baya, a rabon da gwamnatocin soja suka ci gaba da yi. Ibrahim Babangida ya ƙara yawansu a 1989, ya sake ƙarawa a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano. A 1996 Sani Abacha ya kai su 774, Kano ta tashi da 44.

Kowa ya san yadda ake neman ƙaramar hukuma a wancan zamanin. Ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta takardar roƙo, attajirai su haɗa kuɗin mota, a nemi ɗan gari da ke da ƙafa a wajen manya, sannan a koma gida a kasa kunne ranar jawabin shugaban ƙasa. Garin da aka ambaci sunansa ya kwana ana kiɗa. Wanda aka tsallake ya ce sai wani jiƙon.

Farar hula ma sun taɓa gwada nasu rabon. A Jamhuriya ta Biyu gwamnoni da dama sun ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, amma da Muhammadu Buhari ya karɓi mulki sai ya soke su a 1984, aka koma 301. Abin da alƙalami ɗaya ya rubuta, alƙalami ɗaya ya goge.

Ƙaraye: a naɗa, a warware

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tarihin masarautar Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Ƙaraye da Rano da Gaya, ya fitar da su daga ƙarƙashin Sarkin Kano. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya mayar da su inda suke.

A watan Mayun 2019 majalisar dokokin jiha ta zartar da doka cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, aka kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Gwarzo da Kabo suka faɗa Ƙaraye. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, a watan Disamba majalisa ta sake yin wata. Ranar 23 ga Mayu, 2024, wata majalisar ta rushe dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A watan Yulin shekarar aka dawo da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo kawai.

A ƙasar Gwarzo da Kabo akwai waɗanda suka yi murna da masarautar 2019, suna ganin fada ta matso kusa da su, hakimi da dagaci sun huta da dogon zuwa birni. Akwai waɗanda abin ya yi musu ciwo, suna ganin an yanke su daga gidan da kakanninsu suka yi wa mubaya'a. Kowane ɓangare ya ce shi ne mai rinjaye, kowanne ya tara jama'a a gaban kyamara. Da an ƙirga ƙuri'a, da gardamar ta mutu tun ranar.

Lokacin da aka taɓa tambaya

Najeriya ba baƙuwar ƙuri'ar raba-gardama ba ce. A watan Nuwamban 1959, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, an tambayi mutanen Arewacin Kamaru ko za su shiga Najeriya ko a jinkirta maganar, suka zaɓi jinkiri. A watan Fabrairun 1961 aka sake tambayar su: Najeriya ko Kamaru? Kusan kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. A wannan ƙuri'a ta biyu mata sun shiga layi, alhali sauran matan Arewa sai a 1976 suka samu wannan dama.

Ranar 13 ga Yuli, 1963, mutanen lardunan Binin da Delta suka jefa ƙuri'a kan ficewa daga Jihar Yamma mai hedikwata a Ibadan. Kimanin kashi 89 cikin 100 na masu rajista suka amince, aka kafa Jihar Tsakiyar Yamma. Har yau ita kaɗai ce jihar da farar hula suka ƙirƙira ta hanyar tsarin mulki.

Shekara sittin ke nan da ɗoriya. Sunaye sun canja, an sake yanka jihohi, amma Mubi ba ta bar Najeriya ba, Binin ba ta koma ƙarƙashin Ibadan ba. Ƙaraye kuwa an ɗaga ta an sauke, an sake ɗagawa an sake saukewa. Hukuncin da jama'a suka yanke da hannunsu yana da wuyar tumɓukewa, domin duk mai son rushe shi sai ya fuskanci mutanen da suka dangwala.

Abin da kundin 1999 ya ce

Shi kansa kundin tsarin mulkin 1999 dokar soja ce ta kawo shi a ƙarshen mulkin Abdulsalami Abubakar, ba a kai shi gaban masu zaɓe ba. Gyara shi ma, a sashe na 9, aikin majalisu ne: majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36. Duk da haka ya bar wa talaka 'yar ƙofa.

Sashe na 8 ya shimfiɗa matakan kafa sabuwar ƙaramar hukuma. Da farko kashi biyu bisa uku na wakilan yankin, a majalisar jiha da majalisar kansiloli, su gabatar da buƙata. Sai a yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi biyu bisa uku na mutanen ƙaramar hukumar da buƙatar ta fito su amince. Sai mafi yawan majalisun ƙananan hukumomin jihar su yarda, wato 23 cikin 44 a Kano. Sai kashi biyu bisa uku na majalisar dokokin jiha, wato 27 cikin 40. Bayan duk wannan, sai majalisar tarayya ta shigar da sunan cikin jadawalin kundin.

A wannan mataki na ƙarshe kowa ke maƙalewa. Farkon wannan jamhuriya jihohi irin su Legas da Katsina da Neja sun kafa sababbi, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ce a riƙe kuɗinsu. A watan Disamban 2004 Kotun Ƙoli ta ce wa Legas sababbin ƙananan hukumominta 37 ba su cika ba sai majalisar tarayya ta yi nata aikin. Har yau adadin yana nan 774.

Sai kuma giɓin da ya fi shafar Garo. Gyaran iyakar ƙaramar hukuma, a sashen nan na 8, ba ya buƙatar ƙuri'ar jama'a: wakilai da majalisa sun isa. Dokar da ke tsara wa'adin ciyaman da ikon kansila a hannun majalisar jiha take. Maganar masarautu kuwa kundin bai tanadi a tambayi kowa ba. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma ya haramta kantomomin riƙo, daga alƙalai ya zo.

Yaushe za a yi tambayar?

A Amurka garuruwa da yawa suna da ƙaramin kundin mulki nasu na kansu. Jihar Misuri ce ta buɗe wannan hanya a 1875, mutanen birnin St. Louis suka amince da nasu a 1876. Da tafiya ta yi nisa sai aka lura cewa ranar ƙuri'a ma makami ce: mai son wucewa da abinsa sai ya sa ta ranar da mutane kaɗan za su fito. Shi ya sa a 2013 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa kafa sabon kundin gari da wasu muhimman gyare-gyare sai ranar babban zaɓen jiha na watan Nuwamba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana ɗaya gefen. Ranar 4 ga Agusta, 2009, Shugaba Mamadou Tandja ya gudanar da ƙuri'ar tazarce bayan ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, 'yan adawa suka ƙaurace. A watan Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Ƙuri'ar da mai mulki ya zaɓa wa rana da tambaya shi kaɗai ba ta raba gardama.

Kundinmu ya san muhimmancin lokaci, domin a maganar kiranyen ɗan majalisa ya ce a yi ƙuri'a cikin kwana 90 da karɓar takardar koke. A sashe na 8 bai faɗi rana ba. Duk wanda ya san yammacin Kano ya san abin da wannan ke nufi. A sa ƙuri'a tsakiyar damina, ana noman fari ko maimai, magidanci ba zai bar gero da dawa ciyawa ta cinye ba. A sa ta wata Asabar da ba kowa ya sani ba cikin rani, samari sun tafi ci-rani. Lokacin babban zaɓe ne motoci ke dawo da mutane garin da suka yanki kati.

Majalisar dokokin Kano tana da ikon cike wannan giɓi ba tare da jiran Abuja ba. Ta rubuta a doka cewa ba za a ɗauke ƙaramar hukuma daga wata masarauta zuwa wata ba, ba za a cire ƙauye daga wannan sakatariya a kai waccan ba, sai mutanen wurin sun amince. A haɗa ƙuri'ar da babban zaɓe, a sanar wata uku kafin ranar, a rubuta tambayar da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a masallatai da kasuwanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dattijon nan na Garo ya yi layi a rana sau da yawa don ya zaɓi kansila da ciyaman da gwamna. Ya san akwati, ya san tawada a babban yatsa. Wanda aka yarda ya zaɓi mai zama a kujera ya isa a tambaye shi inda za a kafa kujerar.