Asalin Labaran Bin Sawu Na Turawan Ingila

 A 'yan shekarun nan samarinmu na Zango sun kama sauraron labaran 'yan sandan ciki na Ingila a waya, ana karanta musu suna tsaron shago ko suna jiran lodi a tasha. Wasu dattawanmu sun ce wannan koyon sata da kisan kai ne kawai. To, mu dai mun ga ya kamata a san asalin abu kafin a yanke masa hukunci.

A 1829 ne aka kafa rundunar 'yan sandan birnin Landan, amma sai 1842 aka yarda aka ware mutum takwas masu farin kaya domin bincike, don mutanen gari suna ganin abin leƙen asiri ne. Ɗaya daga cikin takwas ɗin shi ne Jonatan Wica. A 1860 aka yanka wani yaro ɗan shekara uku a gidan wani mai hali a ƙauyen Rod, cikin dare, alhali gida a kulle. 'Yan sandan yankin suka ɗora zargi a kan mai rainon yaron, ka san ƙarfin kura a kan mai ƙaramin ƙarfi yake ƙarewa. Da aka aiko Wica daga Landan sai ya lura rigar barci guda ta yayar yaron, 'yar shekara 16, ta ɓace. Ya ce ita ce. Jaridu suka yi masa ca, wai ɗan talaka ya ɓata sunan 'yar manya. Sai a 1865 yarinyar ta amsa laifinta da bakinta.

Wannan shari'a ce ta ba Wilki Kolins ƙafar rubuta labarinsa na 1868 a kan wani lu'ulu'u da sojan Ingila ya kwaso daga Indiya, aka kuma sace shi a wani babban gida. Kowa ya nuna wasu Indiyawa uku da aka gani suna zagaya gidan, da wata 'yar aiki da ta taɓa zaman kurkuku. Ashe ɓarawon ɗan dangi ne, mai yawan wa'azi da tara kuɗin taimako. Mako-mako ake buga labarin a mujallar Cals Dikins, kuma a zamanin al'ada ce mutum guda ya karanta da ƙarfi bayan cin abincin dare, sauran iyali suna saurare. Kolins ya tsara shi kamar zaman kotu, kowane shaida ya faɗi iyakar abin da idonsa ya gani.

Sai kuma gogan, wato Shalok Homs. Wanda ya ƙago shi likita ne, Ata Konan Doyil, wanda ya yi karatu a Edinbara a hannun Dakta Josef Bel. Shi Bel da ya dubi hannun majinyaci da takalminsa sai ya faɗi sana'arsa da inda ya fito, kamar dai yadda dillalin Kara ke buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa. Abin da da yawa ba su sani ba, Doyil ya taɓa zuwa gaɓar tekun nan tamu. A 1881 ya yi aikin likita a jirgin ruwa mai suna Mayumba, ya tsaya a Ikko da Kalaba, har zazzaɓi ya kusa kai shi lahira. Labarin Homs na farko ya fito a 1887, kuma fam 25 kacal aka saye shi, sayen ƙarshe. Wannan ciniki kam an kwari likita. Kasuwa ba ta buɗe ba sai 1891, da mujallar Strand ta fara buga gajerun labaransa. Da ya gaji ya kashe Homs a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, dole ya dawo da shi da rai a 1903.

To, ina daɗin yake ga mai sauraro? Yana bakin Dakta Watsin, abokin Homs, wanda shi ke ba da kusan duk labaran. Watsin ba shi da kaifin ido, amma ba ya ƙarya. Abin da ya gani shi za ka ji, toka ce ko sawun takalmi ko karen da bai yi haushi ba. Kai da kake saurare kana da shaida daidai da ta mai bincike, saura naka lissafin. Shi ya sa labarin ya fi zama a kunne bisa majigi, kuma tsakanin 1989 da 1998 rediyon BBC ya mai da duka labaran 60 wasan kwaikwayo.

Agata Kiristi, wadda ta san guba tun tana haɗa magani a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ta taɓa wannan amana. A wani littafinta, wanda ba za mu faɗi sunansa ba don kada mu ɓata wa wani, mai ba da labarin shi ne ya yi kisan. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, tsallake wasu wurare kawai ya yi. A Islamiyya an koya mana ɓoye aibin haja haramun ne, amma a nan mai saye shi ya biya don a ɓoye masa. Duk da haka an yi ta gardama, kuma a 1929 wani fada, Ronal Noks, ya jera ƙa'idoji goma. Ciki har da cewa dole a ambaci mai laifi tun farkon labari, ba aljanu ba tsafi, kuma kada a jawo ɗan Sin a maƙala masa laifi, don marubutan araha sun mai da baƙo jakin ɗaukar kowane mugun abu. Mu da muke zaune a garin wasu, da an ce an yi ɓarna a kasuwa ido ya juyo Zango, wannan ƙa'ida ba sai an yi mana fassara ba.

Shi kansa Doyil ya gwada abin a zahiri. A 1903 aka ɗaure wani lauya, Joj Edalji, shekara bakwai bisa zargin farke cikin doki da dare a ƙauyen Giret Wali. Ubansa mutumin Indiya ne, limamin cocin ƙauyen, kuma an daɗe ana aiko wa gidan wasiƙun zagi. Yana kurkuku aka ci gaba da farke dabbobi. An sake shi a 1906 ba tare da an wanke shi ba. Da Doyil ya je ganinsa a wani otal a Landan a farkon 1907, sai ya tarar da shi yana karanta jarida ya kai ta dab da idonsa. Nan take likita ya gane mai wannan ciwon ido ba zai iya ratsa gonaki cikin duhu ya kama doki ba. Ya yi ta rubutu a jarida har aka yi wa Edalji afuwa a shekarar, kuma shari'arsa tana cikin dalilan da suka sa Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuka a 1907. Diyyar shekara uku da ya yi a ɗaure kuwa, gwamnati ba ta ba shi ko sisi ba.