"Curfew": Daga Rufe Garwashi Zuwa Rufe Gari

Kalmar "curfew", wadda Ingilishi ke kiran dokar hana fita da ita, daga bakin murhu ta taso. Asalinta Faransanci ne, "couvre-feu", wato a rufe wuta. Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Zuwa ƙarni na 14 wannan ma ta samu gindin zama.

A garuruwan Turai na wancan zamani gidaje na katako ne, rufin ciyawa, manne da juna, murhu kuma a tsakar ɗaki. Tartsatsi ɗaya cikin dare ya isa ya lashe unguwa. Shi ya sa ake kaɗa ƙararrawa, galibi ƙarfe takwas, kowa ya tattara garwashinsa ya binne cikin toka, da safe a hura. Ƙararrawar ta ɗauki sunan, haka ma murfin da ake kifawa kan garwashin. A garin Sandwich na yankin Kent har yanzu ana kaɗa ta.

Sannu a hankali ma'anar ta bar wuta ta koma kan mutane. A Amurka, lokacin da iyaye ke gindaya wa matashi ya dawo gida "curfew" ne. Filin jirgin saman Sydney ma yana da nasa, daga 11 na dare zuwa 6 na safe. A Najeriya mun ɗanɗana shi a Mayun 2020, zamanin korona.

Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Tsohuwar doka tana tsare maƙwabta daga gobara, sabuwar kuwa sanda ce a hannun hukuma, kuma an sha dukan marar ƙarfi da ita. A Faransa kanta, ranar 5 ga Oktoban 1961, shugaban 'yan sandan Paris, Maurice Papon, ya hana Musulmin Aljeriya fita daga 8:30 na dare zuwa 5:30 na asuba. Ranar 17 ga watan dubbansu suka fito zanga-zangar lumana. 'Yan sanda suka far musu, suka kashe da dama, aka jefa wasu cikin kogin Seine. Sai a 2012 shugaba François Hollande ya amince a hukumance cewa an yi wannan kisa.