Gidan Makama: Gidan Tarihi da Al'adun Kano

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano, kuma yana cikin tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage a birnin. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun yi amfani da shi a matsayin ofishinsu na wani lokaci.

A yau Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai hedikwata a Abuja, ce ke riƙe da gidan. Zaurukansa na ɗauke da makamai, kayan kiɗa, tufafin sarauta, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da hotunan hawan salla. Ɗalibai kan zo da malamansu domin ganin abin da suka karanta a aji, 'yan rawar Koroso kuma kan yi wasa a filin gidan.

Ginin ƙasa ba ya jure damina sai da yaɓe a kai a kai, saboda haka ɗorewar gidan ta rataya ne ga kulawar hukuma da ta jama'ar gari.