Makarɓan Manos-6-Fosfet da Jigilar Inzayim zuwa Laisosom: Nazari daga Karaye da Rogo

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wasu 'yan jakunkuna masu tsami da ake kira laisosom, waɗanda Christian de Duve ya gano a Jami'ar Louvain ta Beljiyam a 1955, kuma aikinsu shi ne narkar da tsofaffin sassan ƙwayar da duk abin da ta haɗiyo daga waje. Masu narkarwar su ne inzayim kusan iri 60, wato furotin masu hanzarta sarrafa sinadarai, sai dai ba a cikin laisosom ake ƙera su ba, domin sai sun ratsa Golgi, zangon da ake tantance furotin, a cuɗe da ɗimbin wasu da za a fitar wajen ƙwayar. Tantancewar ta dogara ne a kan abu biyu, shaida da tsami, kuma kowannensu yana da alaƙa da abin da mutanen Karaye da Rogo na Jihar Kano suka sani.

Kamar yadda mai hatsi ke rubuta alamarsa a jikin buhu kafin a loda shi a mota, haka wani inzayim mai suna fosfotiransferes ke liƙa fosfet a kan sukarin manos da ke jikin kayan laisosom, sannan wani inzayim na biyu ya cire murfin da ya rufe alamar, ta fito fili a matsayin manos-6-fosfet. A ƙarshen Golgi akwai furotin biyu da ke kafe a jikin tantani, waɗanda ake kira makarɓa saboda su ne ke gane shaidar su kama ta: babban yana da nauyin kimanin kilodalton 300, ƙaramin kuwa, wanda Hoflack da Kornfeld suka bayyana a 1985, yana da 46. Makarɓi yakan riƙe kayansa gam a inda ma'aunin tsami na pH yake wajen 6.5, a naɗe su tare cikin ƙunshi mai rigar furotin kilatirin, a kai su endosom, wato zangon da ke gaban laisosom. Can kuwa da zarar ma'aunin ya sauka ƙasa da 6, alamar tsami ya ƙaru, sai ya saki kayan ya juyo Golgi domin wani sawun.

Hujjar tsami ta zo ne daga maganin da aka daɗe ana saya a kemis a waɗannan garuruwa, wato kulorokwin, wanda Nijeriya ta sauke daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005. Kulorokwin yakan taru a duk jakar da ke da tsami ya rage tsaminta, shi ya sa yake cika tumbin ƙwayar cutar maleriya ya hana ta kawar da dafin da ke fita daga jinin da ta ci. A 1980 ɗakin binciken William Sly a Amurka ya nuna cewa idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin fatar mutum da aka raina a kwano, makarɓa sukan kasa sauke kayansu, sababbin inzayim su rasa mai ɗauka, su malale waje.

Hujjar shaida ta fi ɗaga hankali, domin daga jikin yara marasa lafiya aka same ta. A 1967 Leroy da DeMars suka bayyana cutar da yanzu ake kira mukolifidosis ta biyu, a 1972 Hickman da Neufeld suka lura cewa inzayim ɗin waɗannan yara suna kwarara waje saboda rashin wata alama, kuma a 1981 aka tabbatar cewa fosfotiransferes ne ba ya aiki. Yaron yakan tsumbure, gaɓoɓinsa su ƙage, dasashinsa ya yi kauri, jininsa cike da inzayim alhali laisosom ɗinsa sun rasa su, kuma akasari ba ya kai shekara 10. Gadonta irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gadon, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Karaye da Rogo kamar sauran karkarar Kano, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, kuma dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024, duk da amfaninta ga sikila, ba ta tsinkayar irin wannan cuta. Ba aibata auren dangi ake nufi ba. Abin da ya wajaba shi ne ma'aikacin lafiya ya riƙa tambayar dangantakar iyaye da tarihin 'ya'yan da suka rasu, sannan ya tura irin wannan yaro Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun kafin iyaye su ƙarar da dukiyarsu wajen neman maganin iska.

Wani kaso na babban makarɓin yana zama a fatar ƙwayar ta waje, inda yake cafko inzayim mai shaida ya shigar da shi ciki, kuma ta wannan ƙofa ce ake ɗura inzayim ta jijiya ga masu wasu cututtukan rashin inzayim ɗin laisosom, wato masu cutar Hurler tun 2003 da masu cutar Pompe tun 2006, ko da yake maganin yana da tsadar da ta fi ƙarfin manomi, ba ya kuma ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa. Inzayim ɗin da ke gazawa a cutar Gaucher kuwa ba ya bin wannan hanya, domin a 2007 aka gano cewa wani furotin mai suna LIMP-2 ne ke jigilarsa. Babbar alamar cutar ita ce kumburin saifa da ƙarancin jini, abin da a asibitin karkara nan take ake jingina wa maleriya ko sikila, don haka yaron da saifarsa ta ƙi sauka bayan an yi maganin zazzaɓi, gwajin sikilarsa kuma ya fito lafiya, ya cancanci a auna inzayim ɗin jininsa.