Aljani da ɗan sanda: me ya hana su haɗuwa a Kaduna?

Turawa suna da wani irin labari da ake cakuɗa binciken laifi da tsafi, kuma a tsakiyar birni, ba a daji ba. A 2011 Ben Aaronovitch ya fito da Rivers of London, inda ɗan sandan Landan ke hulɗa da iskokin koguna. Ku ji abin mamaki: uwar kogin Thames a littafin 'yar Najeriya ce.

To mu fa? Aljanu dai mun daɗe da su a takarda. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga shi a 1934. Amma ku lura, sai da Ganɗoki ya bar ƙasar bayan Turawa sun cinye ta, sannan ya faɗa duniyar aljanu. Da ya dawo ya tarar da jirgin ƙasa da makarantar boko, aljanun kuwa ya baro su can. An raba gari tun ran gini ke nan: zamani nan, aljani can.

Shi mai bincike daga baya ya iso. Samarin ƙarshen shekarun 1960 sun san Lance Spearman na mujallar African Film, sai kuma littattafan James Hadley Chase. A 1982 Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya bi sawun 'yan fasa-ƙwauri da Hausa, amma duniyarsa ta kwastan ce, ba ta iskoki ba.

Abin haushin, 'yan bori sun riga marubuta. Tuni suka ba iskoki birni, Jangare, da sarkinsu Sulemanu da gidaje goma sha biyu. Birni mai sarki ai ba ya rasa ɓarawo.

Ni a ganina Kaduna ce ta fi dacewa da wannan haɗuwa. Garin Lugga ne, ya zama hedikwatar Arewa a 1917, ba ganuwa, ba tsohuwar fada. Kowa baƙo ne, to aljanun ma sai dai a ce sun biyo sojoji da ma'aikatan reluwe. Ku ɗauka an tsinci gawa a bakin kogi ta wajen Kabala, ko kusa da gadar nan ta Gamji da aka kwaso daga Zungeru. Sufeto ya taso daga Kawo, shaidarsa ɗaya tilo Sarkin Rafi ne, shi kuma ba ya magana sai an kaɗa masa garaya. A nan marubuci zai yi gumi, domin gobe alƙali zai ce a kawo shaidar gaban kotu.